Saniyar Ware A Zamanin Salula: Rigimar Kiristoci Da Ƴan Siyasa A Amurka Da Turai

 Duk mai sauraren labaran duniya a ƴan shekarun nan ya sha jin cewa an kori wane daga aiki a Amurka saboda wata magana da ya rubuta a salula, ko an daina sayen kayan wani kamfani a Ingila saboda ra'ayin mai shi. Masu jin Ingilishi suna kiran abin "kansal kalca", wato al'adar soke mutum. Mu kuwa a Hausa muna da sunansa tun kaka da kakanni, shi ne mayar da mutum saniyar ware.

Yadda abin yake gudana ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya faɗi wata magana, ko a tono wadda ya faɗa shekara goma da suka wuce, wani ya ɗauki hotonta ya watsa a Facebook ko X, wanda a da ake kira Twitter, kafin gari ya waye dubban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba sun yi masa ca. Daga nan sai a nemi inda yake cin abinci. A buga wa uban gidansa waya, a matsa wa kamfanonin da ke ba shi talla, a ce ko ku rabu da shi ko mu daina sayen kayanku. Shi kuwa kamfani lissafi yake yi, in ya ga riƙe mutumin zai jawo masa asara sai ya sallame shi cikin kwana biyu ko uku, babu alƙali babu shaidu.

Mun ga ya dace mu kawo maganar a wannan shafi ne saboda makamin da ake amfani da shi makaminku ne, wato ciniki. Kuma a tsakiyar rigimar akwai mabiya addinin Kirista. Wasunsu na cewa su ake farauta saboda imaninsu, wasu mutanen kuma na cewa ai coci ne ya koya wa duniya wannan dabara tun da farko.

Inda Rigimar Ta Samo Tushe

A shekarar 2007, cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa mutum 78 cikin 100 na baligan ƙasar suna kiran kansu Kiristoci. A binciken da ta sake yi tsakanin 2023 da 2024 adadin ya sauko zuwa 62. A Ingila da yankin Wales, ƙidayar 2011 ta nuna Kiristoci 59 cikin 100, ta 2021 kuma ta nuna 46, karon farko ke nan da suka gaza rabin jama'a. A cikin waɗannan shekaru ne kuma dokokin aure suka sauya: majalisar Birtaniya ta halatta auren jinsi ɗaya a Ingila da Wales a 2013, kotun ƙolin Amurka ta halatta shi a dukkan jihohi a watan Yuni na 2015.

To, koyarwar da a jiya ita ce ra'ayin gari, yau ta koma ra'ayin tsiraru a jami'o'i da manyan kamfanoni da gidajen jarida. Kiristan da ya tsaya kan cewa aure tsakanin namiji da mace ne kawai, sai ya wayi gari yana karo da dokar wurin aikinsa. Wannan shi ne kukan ɓangare na farko.

Ɗaya ɓangaren kuma suna da nasu tarihin da suke kawowa. Suna cewa har zuwa 1967 a Ingila ana ɗaure namiji saboda tarayya da namiji, a wasu jihohin Amurka kuma sai 2003 kotun ƙoli ta soke irin wannan doka, kuma shekara da shekaru ana korarsu daga aiki babu mai ce uffan. A ganinsu, abin da ake kira soke mutum a yau ba kome ba ne illa ƙaramin mutum ya samu bakin da zai ce wa babba ka yi kuskure. A watan Satumba na 2020 cibiyar Pew ta tambayi Amurkawa kan masu fallasa mutane a intanet: 58 cikin 100 suka ce abin yana sa mutane su ɗauki alhakin maganarsu, 38 suka ce yana hukunta waɗanda ba su cancanci hukunci ba. Amsar kuma ta bi layin jam'iyya, ƴan Democrat sun fi yawa a rukunin farko, ƴan Republican a na biyu.

Masu Toya Gato A Gaban Kotu

Manyan shari'o'i biyu da suka fi yin suna a kan wannan batu, na ƙananan ƴan kasuwa ne. A watan Yuli na 2012, a garin Lakewood na jihar Kolorado, wasu maza biyu suka shiga shagon wani mai toya gato, wato kek, mai suna Jack Phillips, suka ce ya yi musu gaton bikin aurensu. Ya ce zai sayar musu da duk abin da ke kan kanta, amma gaton wannan biki imaninsa ya hana shi. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar ta same shi da laifin nuna bambanci. Don kada ya saɓa wa umarnin hukuma kuma kada ya saɓa wa imaninsa, sai ya daina gaton biki gaba ɗaya, ya kuma ce hakan ya cinye masa kusan kashi 40 cikin 100 na cinikinsa. Sai a ranar 4 ga Yuni 2018 kotun ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya, alƙalai 7 suka goyi baya, 2 suka ƙi. Amma hujjar kotun ita ce hukumar ta nuna ƙiyayya ga addininsa lokacin sauraren ƙarar, ba ta ce kowane mai shago yana da damar korar mai saye ba.

Ta biyu ta faru a birnin Belfast na Ailan ta Arewa a watan Mayu na 2014. Wani mutum ya biya fam 36 da rabi, kusan jika 30 na sefa a lokacin, a gidan burodi na Ashers, wanda wasu iyalin Kirista ke da shi, ya ce a rubuta masa saƙon goyon bayan auren jinsi a kan gato. Suka mayar masa da kuɗinsa. Kotu ta farko ta ci su diyyar fam 500, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. A ranar 10 ga Oktoba 2018 kotun ƙolin Birtaniya, da bakin alƙalanta biyar gaba ɗaya, ta soke hukuncin. Ta ce masu shagon ba mutumin suka ƙi ba, saƙon suka ƙi rubutawa, kuma da wani ne daban ya zo da wannan saƙo haka za su yi masa. Ƴan kasuwa su lura da wannan bambanci, don shi ne ƙashin bayan maganar: ƙin sayar wa mutum saboda ko shi wane ne abu ɗaya ne, ƙin sa hannunka a saƙon da ba ka yarda da shi ba abu ne daban. Su kuma lura da kuɗin da aka kashe. Gaton fam 36 da rabi ya ci wa ɓangarorin biyu kusan fam rabin miliyon a hannun lauyoyi.

Babban kamfani kuwa labarinsa daban ne. Chick-fil-A gidan sayar da soyayyar kaza ne a Amurka, na wasu iyalin Kirista ƴan Baptis waɗanda ba sa buɗe shago ranar Lahadi. A 2012 shugabansa Dan Cathy ya fito ya ce yana kan koyarwar Littafi Mai Tsarki game da aure. Aka yi kiran a ƙaurace wa kamfanin, magadan garin Boston da Shikago suka nuna ba sa marhabin da shi. Sai tsohon gwamnan jihar Arkansas, Mike Huckabee, wanda shi ma tsohon fasto ne, ya kira Kiristoci su fito ranar 1 ga Agusta su sayi kaza. Layuka suka zagaye shaguna, kamfanin ya ce bai taɓa cinikin yini ɗaya kamar na ranar ba, a ƙarshen shekara kuma cinikinsa ya haura dalar Amurka miliyar 4 da rabi. Amma a watan Nuwamba na 2019, da kamfanin ya daina ba da gudummawa ga wasu ƙungiyoyin Kirista da ake ƙorafi a kansu, sai magoya bayansa na jiya, har da Huckabee ɗin, suka ce ya ci amanarsu. Wanda ya tsaya tsakiyar hanya, mota daga kowane ɓangare tana iya buge shi.

Daga Filin Wasa Zuwa Majalisa

A ƙasar Ostareliya akwai wani shahararren ɗan ƙwallon zari-ruga mai suna Israel Folau, ɗan asalin tsibirin Tonga. A watan Afrilu na 2019 ya sa wani rubutu a Instagram yana gargaɗin cewa wuta na jiran wasu rukunan masu zunubi in ba su tuba ba, cikinsu har da mashaya da mazinata da masu neman jinsi ɗaya. Hukumar wasan ta soke kwangilarsa ta shekara huɗu wadda ta kai kimanin dalar Ostareliya miliyon 4. Ya buɗe asusun neman taimako a GoFundMe don biyan lauyoyi, shafin ya rufe asusun. Wata ƙungiyar Kiristocin ƙasar ta buɗe masa wani, cikin kwana biyu aka tara fiye da miliyon 2. A watan Disamba na wannan shekara aka sasanta a wajen kotu, kowane ɓangare ya ba ɗan'uwansa haƙuri.

A Sikotlan kuma, a 2023, ministar kuɗi Kate Forbes, mabiyar wani coci mai tsananin riƙo da koyarwa, ta fito takarar shugabancin jam'iyya mai mulki. Da aka tambaye ta, ta ce da tana majalisa a 2014 da ba ta jefa ƙuri'ar amincewa da auren jinsi ba, amma ba za ta taɓa dokar da ke akwai ba. Kafin kwana biyu wasu manyan da suka tsaya mata suka janye. Abokin takararta Humza Yousaf, wanda Musulmi ne, ya ce shi ba ya kafa doka bisa addininsa, ya kuma ci zaɓen da kashi 52 cikin 100, ita ta samu 48. Masu kukan saniyar ware suka ce ga shaida, mai imani ba shi da wuri a siyasa. Ɗaya ɓangaren suka ce ai ƙuri'a ce aka kaɗa, kuma ga shi a watan Mayu na 2024 an naɗa ta mataimakiyar shugaban gwamnati.

Ƴan Siyasa Sun Samu Jari

Duk inda jama'a suka ji tsoro, ɗan siyasa ya samu haja. A ranar 3 ga Yuli 2020, a jawabinsa na dutsen Rushmore, Shugaba Donald Trump ya kira al'adar soke mutum makamin masu mulkin kama-karya. A watan Fabrairu na 2021 babban taron masu ra'ayin riƙau da aka yi a Orlando ya ɗauki wannan batu a matsayin takensa. Da Trump ya dawo mulki, a watan Fabrairu na 2025 ya sa hannu kan umarnin kafa kwamitin yaƙi da nuna ƙiyayya ga Kiristoci a ma'aikatun gwamnati. A cikin wannan wata ne mataimakinsa JD Vance ya tsaya a taron tsaro na birnin Munich na Jamus ya zargi ƙasashen Turai da danne bakin masu addini.

Sukar abin ba ta tsaya ga ɓangare ɗaya ba. Tun a watan Oktoba na 2019 tsohon shugaba Barack Obama ya gaya wa matasa a Shikago cewa jifan mutane da magana a intanet ba shi ne gwagwarmaya ba. A watan Yuli na 2020 marubuta da malaman jami'a fiye da 150, da yawansu masu ra'ayin sauyi, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Harper's suna kokawa kan yadda ake rufe bakin mutane. Marigayi Fafaroma Francis ma, a jawabinsa ga jakadun ƙasashe ranar 10 ga Janairu 2022, ya soki al'adar, ya ce wani nau'i ne na mulkin mallakar tunani da ke son kowa ya yi magana da baki ɗaya, yana kuma auna mutanen da da ma'aunin yau.

Laifi Tudu Ne

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Duk wanda ya buɗe tarihin coci zai ga cewa ƙaurace wa mutum tsohon makami ne a hannunsa. A 1076 Fafaroma Gregory na 7 ya fitar da Sarki Henry na 4 na Jamus daga coci, ya kuma ce talakawansa sun kuɓuta daga rantsuwar yi masa biyayya. Sai da sarkin ya je fadar Canossa a arewacin Italiya a watan Janairu na 1077, ya yi kwana uku a bakin ƙofa cikin ƙanƙara, sannan aka yafe masa. Daga 1559 har zuwa 1966 cocin Katolika yana da jerin sunayen littattafan da ya haramta wa mabiyansa karantawa.

Ita kanta kalmar "boikot" da muke ji a Faransanci da Ingilishi, sunan mutum ce. Kyaftin Charles Boycott wakilin wani mai gonaki ne a yankin Mayo na ƙasar Ailan. A 1880, da ya nemi korar manoman da suka kasa biyan haya, sai gari ya juya masa baya: leburori suka bar gonarsa, masu shago suka ƙi sayar masa, har mai kai wasiƙa ya daina zuwa. Limamin Katolika na yankin, Fada John O'Malley, yana cikin jagororin abin, kuma shi ake danganta wa ƙirƙiro kalmar. Sai da gwamnati ta turo sojoji da ƴan sanda kusan 1,000 su yi gadin masu girbi 50, aka kashe kimanin fam 10,000 don kwashe amfanin gonar da bai wuce na fam 500 ba.

Makamin ya taɓa yin aikin alheri da duniya ta shaida. A birnin Montgomery na jihar Alabama, bayan an kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera, baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin safa na birnin har kwana 381. A cikin majami'u aka tsara abin, jagoransa kuma fasto ne ɗan shekara 26, Martin Luther King. Da yake su ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjoji, kamfanin ya ji a jika, kotu kuma ta soke dokar wariyar.

Ya kuma taɓa zama abin huce haushi. A 1966, da mawaƙi John Lennon na ƙungiyar Beatles ya ce sun fi Yesu farin jini a wurin matasa, wasu masu gabatar da shiri biyu a wani gidan rediyon Birmingham ta Alabama ne suka fara kiran a ƙona faya-fayensu, sauran gidajen rediyo suka ɗauka, aka yi ta hura wuta a kudancin Amurka. Mu ma'aikatan rediyo wannan labari namu ne, don ya nuna abin da makirfo zai iya tayarwa tun kafin a san salula. A 1997 babban taron cocin Baptis na Kudu, mai mabiya fiye da miliyon 15 a lokacin, ya yanke shawarar ƙaurace wa kamfanin Disney saboda manufofinsa kan masu neman jinsi ɗaya. Bayan shekara takwas, a 2005, aka janye ƙauracewar ba tare da kamfanin ya sauya manufar ba.

Wani lokaci kuma na gida ake sokewa. A ranar 24 ga Maris 2014 reshen Amurka na ƙungiyar agaji ta World Vision, wadda muka sani da ayyukanta a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya ce zai riƙa ɗaukar Kiristocin da ke cikin auren jinsi aiki. Cikin kwana biyu ya janye maganar, amma kafin ƙura ta lafa masu ba da gudummawa sun soke tallafin yara kusan 10,000, yaran ƙasashe matalauta da ba su ma san ana rigimar ba. A watan Disamba na 2015 kuma wata malama baƙar fata a kwalejin Kirista ta Wheaton da ke jihar Illinois, Larycia Hawkins, ta sa hijabi don nuna zumunci ga Musulmi, ta rubuta cewa Musulmi da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Kwalejin ta dakatar da ita, a watan Fabrairu na 2016 suka rabu.

Ranar Da Reshe Ya Juya Da Mujiya

A ranar 10 ga Satumba 2025 aka harbe Charlie Kirk, ɗan shekara 31, yana jawabi ga ɗalibai a wata jami'a ta jihar Utah. Kirista ne mai ra'ayin riƙau, na hannun daman Trump, kuma ya yi suna wajen sukar al'adar soke mutum. Bayan kisan, wasu suka rubuta maganganun murna ko na izgili a intanet. Sai magoya bayansa suka shiga tattara sunaye suna aika wa wuraren aiki, mataimakin shugaban ƙasa Vance da kansa ya ce duk wanda ya ga mai murna ya kira uban gidansa. Ɗaruruwan mutane, cikinsu da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, aka kora ko aka dakatar. Gidan talabijin na ABC ya dakatar da shirin ɗan barkwanci Jimmy Kimmel ranar 17 ga Satumba, sai da masu kallo suka fara janye kuɗinsu daga kamfanin Disney mai gidan, shirin ya dawo ranar 23. Waɗanda jiya suke cewa soke mutum zalunci ne, yau suka ce sakamako ne, waɗanda jiya suke cewa sakamako ne, yau suka ce zalunci ne.

A wurin taron tunawa da shi ranar 21 ga Satumba a jihar Arizona, matarsa Erika Kirk ta tsaya gaban dubban jama'a ta ce ta yafe wa wanda ya kashe mijinta, domin abin da Almasihu ya yi ke nan. Da Shugaba Trump ya hau mumbarin bayanta, sai ya ce a nan ya saɓa da marigayin, shi yana ƙin abokan hamayyarsa kuma ba ya yi musu fatan alheri. Waɗannan jawabai biyu a dandali ɗaya sun nuna cewa rigimar tana cikin gidan Kiristocin kansu.

Abin Da Littafinsu Ya Tanada

Fastoci da malaman tauhidi da ke sukar al'adar daga kowane ɓangare ta fito, hujjarsu ɗaya ce, wato addinin ya yarda da horo amma ya shimfiɗa masa hanya. A Linjilar Matiyu sura ta 18, Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya tsara matakai huɗu. Wanda aka yi wa laifi ya fara samun mai laifin su biyu kawai. In bai ji ba, ya koma da mutum ɗaya ko biyu su zama shaidu. In bai ji ba, a kai maganar gaban jama'ar coci. Sai in ya ƙi jin jama'a ne za a ɗauke shi kamar bare. A cikin wannan sura ce kuma aka umarci a yi ta yafewa ba tare da ƙidaya ba. Manzo Bulus, wanda a wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa ya ce a fitar da wani mai aikata alfasha daga cikin jama'a, a wasiƙa ta biyu ya ce mai laifin da aka hora a yafe masa a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Akwai kuma labarin matar da aka kama da zina a Linjilar Yahaya sura ta 8, inda masu jifa suka watse ɗaya bayan ɗaya da aka ce marar zunubi ya fara.

Ke nan a tsarin coci ana farawa a ɓoye ne a ƙare a fili, kuma manufar ita ce mutum ya dawo. A tsarin salula ana farawa ne daga mataki na huɗu, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin cewa horo ya isa.

Mu Kuma A Kasuwannin Iyaka

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Kasuwancinmu a kan amana yake tafiya, ana ɗora wa mutum buhu ɗari na wake ko masara da baki kawai, ɗan canji ya karɓi naira a Jibiya a biya sefa a Maraɗi babu takarda. Dillalin da ya ci amana, kasuwa tana juya masa baya, kuma daidai ne. Amma kafin a kai nan ana kiransa gefe, a kira maigidan da ya tsaya masa, a je gaban sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiya da shaidu, in ya biya ya nemi gafara a sake ba shi kaya ko da kaɗan-kaɗan ne.

Mun kuma ɗanɗani ɗaya nau'in. A farkon 2006, bayan zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da wata jaridar Danmak ta buga, ƙasashen Musulmi suka ƙaurace wa kayan ƙasar, cinikin kamfanin madara na Arla ya kusa tsayawa cak a Gabas ta Tsakiya, alhali ba shi ya buga jaridar ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, fushin zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ya sauka a Damagaram da Yamai: mutum 10 suka rasu, ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona, aka fasa shagunan maƙwabtanmu Kiristoci waɗanda ba su taɓa ganin jaridar ba. Kuma daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, lokacin takunkumin CEDEAO, mun ga yadda ake mayar da ƙasa sukutum saniyar ware, motocin albasa na ruɓewa a bakin iyaka, farashin shinkafa da magani ya hau, talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya.

Saboda haka, duk ranar da saƙon murya ya shigo WhatsApp yana cewa kada a sayi kayan wane, ko kada a shiga shagon wance don ta faɗi kaza, ɗan kasuwa ya dakata kafin ya tura gaba. Wa ya ji maganar da kunnensa? An kira mutumin an ji ta bakinsa? Wa zai ɗauki asarar, kamfanin da ke Turai wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa, ko mai tebur da ya ci bashi ya sari katan ashirin? In mutumin ya tuba, wa zai sake aika saƙo ya ce a koma saye? Kuɗin mutum nasa ne, yana da ikon ya ƙi sayen abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, kamar yadda mutanen Montgomery suka yi. Amma tara gari a kan mutum ɗaya bisa jita-jita, wannan ramin mugunta ne, kuma an ce a gina shi gajere. Amurkawa sun gani a 2025 cewa makamin ba ya zama a hannu ɗaya.

A kasuwanninmu Bahaushe Musulmi da Bahaushe Kirista, da Ibo mai kayan gyaran mota, da Bayarabiya mai atamfa, rumfa ɗaya suke sha wa inuwa, kuma kowa yana da maganar da in aka ɗauke ta aka watsa ba tare da kai da gindinta ba za ta iya rufe masa shago. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga sharrin baki da na yatsa, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.